Igwar Dankali a Watan Azumi

Ba zan taɓa mantawa ba da wani yammaci na watan azumi a Madina, farkon shekarun tamanin, ko da tsufa zai mantar da ni sunan kakana. Lokacin ina karatun Shari'a a jami'a, ina haya a wani tsohon gida a lungun bayan titin Sultana. Maƙwabta kusan duk Hausawa ne, na Kano, na Damagaram, na Sudan, na Chadi, kowa da irin tasa Hausar. Duk lungun "Ustaz" ake ce min, ni ma na yarda da kaina ƙwarai: gemu tsaf, jallabiya fara ƙal, tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. (Karatun bai kai tsawon gemun ba, amma wa ya auna?)

Abin da ba su sani ba shi ne Ustaz yana da igwa a bayan gida.

Idrisa ne ya ja ni, wani ɗan Chadi mai aikin famfo a Yanbu, da ke sauka ɗakina in ya sami hutu. Wata rana ya zo da guntun bututu, ya ce wani Baturen wurin aikinsu ya nuna masa yadda ake harba dankali da shi. Na ce masa wannan shirme ne, bai dace da ɗalibin ilimi ba. Kafin la'asar ni ke riƙe da bututun, shi ke roƙon in ba shi ya taɓa.

Babu kayan miyar da ba mu gwada ba. Tumatir tun a cikin bututu yake zama miya. Albasa na tafiya, amma sai ta bar mu muna hawaye kamar an aiko mana da rasuwa. Dankalin Turawa shi ne sarki. Muka jingina tsohuwar garwa a katanga muna auna ta, kuma da yake ƙarar ba ta wuce tarin akuya ba, babu maƙwabcin da ya taɓa lura.

Sai azumi ya kama a tsakiyar zafi, irin zafin Madina da ke sa mutum ya ga randa a mafarki. A wancan zamani da igwar hukuma ake shan ruwa, midfa ake ce mata. Kafin magariba kowane gida an shimfiɗa tabarma, ga dabino, ga sambusa, ga romon da suke kira shurba, kowa ya kasa kunne, hannu na shawagi a kan kofi.

Ran nan Idrisa ya iso da sabon bututu, kaurinsa kamar cinyar raƙumi. Yunwa da ƙishi suka haɗu da rashin aikin yi, na ce mu gwada shi mu rage lokaci. Ya fesa abin da muke fesawa a bututun don ya kama wuta, na ce ya ƙara. Ya ƙara, na ce ya ƙara dai. Muka kunna, shiru. Ni kuma, da yake ni ne mai ilimi, na sunkuya in ga abin da ya hana.

Ban san bututu na iya irin wannan tsawa ba. Wani zafi ya lashe min fuska, dankali ya tsallake katanga ya nufi inda Allah ya nufe shi, tantabarun unguwa suka watse. Sai na ji muryar wata mata daga maƙwabta: "Midfa! Midfa! Bismillah, ku sha!" Ƙarar kofuna ta tashi gida gida. Na ɗaga kai, ga rana can zaune daram a kan dabinon maƙwabta, ko niyyar faɗuwa ba ta yi ba.

Can an jima igwar gaske ta tashi. Shirun da ya biyo baya har yau ina jin sa a kunnena.

Idrisa ya haura katanga, ban sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan Sallah. Ni kuwa na yi shawara da zuciyata (muguwar mashawarciya) cewa wanda ya ɓuya shi ake zargi. Na sake jallabiya, na kafa hula, na bi sahun ƙarshe a masallacin lungu. Ana sallamewa jama'a suka kewaye ni a ƙofa. Hajiya Sa'adiyya, wata tsohuwa 'yar Sudan, ta tare ni da ludayi a hannu.

"Ya Ustaz, ɗana, kofi biyu na sha, wallahi. Azumina fa, keif, yaya ke nan?"

Na gyara murya. Na kawo saɓanin malamai, na rarrabe mai ganganci da mai kuskure, na ce su rama yini ɗaya, babu kaffara. Da nan na tsaya da na tsira. Amma na ga duk sun zuba wa fuskata ido, na ɗauka kwarjinin ilimi ne, sai na ƙara wuta.

"Shi kuwa wanda ya aikata wannan, jahili ne, ɗan iskan gari! Duk bakin da ya buɗe yau, alhakinsa na wuyansa. Da zan gan shi..."

Ammu Sale, dattijon Damagaram da lungun ke ji da maganarsa, ya ɗaga hannu a hankali.

"Masha Allah, Ustaz, fatawa ta yi. Saura mas'ala guda. Da azahar kusa da ni ka yi salla, kana da gira biyu. Ina suka tahi?"

Na shafa goshi. Sumul, kamar bayan faranti. Na shafa gemu, gefe guda ya marmashe a hannuna yana ƙauri. Hajiya ta miƙo ludayinta ƙarƙashin fitila, ga dankalina baƙi ƙirin, wai a tukunyar shurbarta ya sauka.

Kun san abin da na ce? Na ce, "Ai zafin bana ne, Ammu." Wani tsoho ya yi dariya har sai da aka riƙe shi.

Dariyar ta yanke da motar 'yan sanda ta tsaya a bakin lungu, ana tambayar ƙarar mece ce. Baƙo ya harba igwa a Madina! Na hango iƙamata, takardar zama, ta tafi, karatu ya tafi, na hango mahaifina a Kano da ke gaya wa kowa ɗansa na maƙwabtaka da Manzo. Ammu Sale ya matsa ya ce da Larabci, "Ustaz ɗinmu ne ke gasa dankali, wuta ta fi ƙarfinsa." Ɗan sandan ya dubi fuskata, ya dubi ludayi, ya girgiza kai ya ja motarsa.

Hukuncin Ammu shi ne bayan Sallah in bi gida gida da kaina in tuna wa mutane ramuwa. Abin mamaki, rabinsu suka ce su sunsuna dabinon kawai suka yi, har da mutumin da aka gani da sambusa a kumatu. Sunan Ustaz ya mutu a ranar, na koma Abu Midfa har na bar ƙasar.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya fi wasu littattafan amfani: in an tambaye ka hukuncin azumi, ka amsa hukuncin azumi ka yi shiru. In kuma lallai sai ka tsine wa mai laifi a bainar jama'a, to ka fara shafa fuskarka tukuna.