Ranar da Na Shaƙe Babbar Kwamfuta

Ba na jin zan taɓa mantawa da ƙarfe goma daidai na wata safiyar Asabar, ranar buɗe shagon intanet na Madam Saratu a Barnawa. Akwai Madam, akwai Fasto da aka gayyato ya yi addu'a, akwai 'yan unguwa cike da benci, sai ni, cikin kwat ɗin da na yi ritaya da ita daga kamfani a Kudenda. Ranar gwajina ce. In komai ya tafi daidai, aikin kula da shago ya zama nawa.

Injiniya Talatu, wadda ta haɗa na'urorin, da za ta fita sayo wayar haɗi, ta ce, "Baba, ka kunna su kafin baƙi su zauna." Ni kuwa mutum ne mai bin tsari. Na farko, fanka. Na biyu, ƙananan kwamfutoci, daga ta bakin ƙofa zuwa ta lungu. Babbar, wadda suke kira saba, na bar ta sai an gama addu'a, domin a duk taron da na sani babba ne ke shigowa bayan kowa ya zauna. (Ashe ƙananan ba su da komai a cikinsu, ta waya suke karɓar abin tashi daga wurinta.)

Fasto ya ce amin, fuskokin kwamfutoci baƙi ƙirin. Sai na danna babbar. Ta yi gurnani, lambobi suka yi ta gudu a wani ɗan gilashi a jikinta, sai ta yi wani ɗan kuka, "ƙit!" Nan take na zare ta daga wuta, kada ta ƙone. Na sake kunnawa, ta sake, na sake zarewa. Daga nan na gyara kwat, na sanar da jama'a: "An sayar wa Madam ruɓaɓɓen kaya."

Madam ta dafe ƙirji. Daidai nan Talatu ta shigo, na faɗa mata yadda babbar ta yi ta kuka.

"Baba, in ka kunna ta, kuka nawa take yi?"

"Ɗaya."

"Ɗaya ai cewa take lafiyarta ƙalau! Wato duk lokacin da ta ce maka ina kwana, sai ka shaƙe ta?"

Har Fasto sai da ya rufe fuska da littafin waƙoƙi.

Aiki dai na samu, bisa sharaɗin Madam: hannuna a aljihu har babbar ta gama gaisuwa. Na koyi cewa a gidan kwamfuta babba ne ke fara tashi.

Roƙona gare ka guda ne. In ka gan ni a Barnawa, ka ji mutane suna gaishe ni da "ƙit!", don Allah kada ka taya su.