Yadda Za Ka Raba Inna da Lemonta Cikin Ilimi

Kai da ba ka leƙa gida ba tun da aka sallamo Inna daga asibiti, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan. Na ba ka tabbaci kafin la'asar dangi za su manta da Yayarka mai kwana a gindin gadon, su koma yabonka.

1. Kada ka je da lemo

Lemo kowa na kai wa mara lafiya, har mai gadi. Shiga babban kanti mai sanyi ka ɗauko beri, 'yan jajaye da baƙaƙen nan da ake jerawa a ƙaramar roba kamar maɓallan riga. Kada ka ɓare takardar farashi, rabin amfaninsu a jikinta yake.

2. Raina abin da ka tarar

Za ka iske Yaya tana ɓare lemo, tana cire ƙwayayen, tana sa wa Inna a baki, don shi kaɗai take iya haɗiya tun da ciwo ya kashe mata baki. Yatsine fuska ka ce, "Haba Yaya, wannan ai ruwa ne da sukari."

Idan ta ce likita ya ce yana da bitamin C, yi mata murmushin tausayi. Gaskiya lemo da beri duka suna da shi, kowanne da nasa amfanin, amma gaskiya irin wannan ba ta sa a kira mutum masani.

3. Jefa babbar kalma

Ka ce "antiyoksidan". Ba sai ka san ma'anarta ba, wanda ya turo maka bidiyon da ka ji ta a ciki ma bai sani ba. Yi ta nanatawa har Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta."

4. Ɗauki hoto

Ɗora robar a cinyar Inna, ture farantin lemon gefe, ka tura wa dangi. Kada Yaya ta fito a ciki, idanunta sun yi ja don rashin barci, za ta ɓata maka hoto. Sannan ka sulale kafin lokacin canza zanen gado.

5. Kare martabarka a waya

Yaya za ta kira: "Auta, Inna ta ƙi lemo fa. Ta ce kai ka yi karatu, ka ce ruwa ne. Berin ma ta hana a taɓa."

Ka ce kana mitin. Masani ba ya janye magana, ko da uwarsa na kwana da yunwa.

6. Koma karɓar yabo

Za ka sami Inna ta rame. Za ta lalubo wani ƙulli a ƙarƙashin matashi, ta kwance ɗankwalin a hankali. Robarka ce, berin ya narke ya yi funfuna.

"Ungo, Auta. Ka ce sun fi ƙara lafiya. Ni na tsufa, kai ke shan wahalar aiki, shi ya sa na ajiye maka."

A nan ilimina ya ƙare.

Gargaɗi: babu ruwan mai wannan jagora da ramar Inna. Lemo da beri ba su taɓa faɗa ba, kai ka haɗa su. Idan yanzu kana son ka ɓare mata lemo, wuƙa na hannun Yaya. Ko za ta ba ka, wannan tsakaninku ne.