A-kori-kurar Zailani

"Lafiya lau, amarya. Ya ƙafar taki?"

"Ƙafa tana inda ka bar ta. Wannan jar akwalar da aka toshe mana ƙofa da ita, ta wane marar aikin yi ce?"

Ina bakin taga ina jin su. Inna Hajara, mahaifiyata, ta dogara sandarta ta sauko ƙofar gidanmu na unguwar Stapleton, shi kuma yaron nan yana jingine da motar da ya sayo a gwanjo. Na ce yaron nan domin ɗan farina ne, bakina ba ya kama sunansa ko a New York. Motar a-kori-kura ce, an ɗora mata tankin ruwa a baya da injin fanfo da mesa a naɗe, irin wadda ake kutsa daji da ita inda babbar motar kwana-kwana ba ta shiga. Gobe zai kama hanyar Montana aikin kashe wutar daji, sai sanyi ya faɗo zai dawo. Inna kuwa kafin nan za ta koma Gumel, ta ce ta gama zaman Amurka, a can take so a binne ta. Duk mun san abin da hakan ke nufi, ba dai mai faɗa.

"Tawa ce, Hajiya. Brush truck ake ce mata."

"Ko me ake ce mata. Zailani, duk bokon nan ashe a ga-ruwa za ka ƙare? Da ka faɗa mini na saya maka kura da jarkoki."

"Ga-ruwa? Motar nan tana hawa dutse kamar akuya, tana tafe tana feshi."

"Da wannan tankin da bai kai randar ɗakina ba? Mu a Gumel wuta ta taso daga gonar Gariba ta nufo rumbunan gari, ni kaɗai na tare ta da reshen darbejiya, uwarka tana goye a bayana."

"Bara kin ce ku uku ne."

"Biyun kallo suka zo."

"Ke da smoke alarm, ƙararrawar hayaƙin nan, ya yi ƙara kika fito titi da takalmi ɗaya?"

"Ɗayan na fito nema, marar kunya! An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Kai gemun da za a shafa wa ruwan ma ba ka tara ba, za ka je ceton daji."

"Na tara mana. Idon ne ya tsufa."

Inna ta zagaya motar tana ƙwanƙwasa tayoyin da sanda, sai ka rantse dillaliyar motoci ce.

"Dajin nasu akwai ɗorawa?"

"Babu."

"Kuka fa? Kanya?"

"Itatuwan pine ne kawai, Hajiya, dogaye."

"To me za a ceta a ciki? Ka je ka ga namu bayan wuta ta wuce. Shaho na shawagi a kan hayaƙi yana cafkar fara, ƙasa baƙi ƙirin. Ruwan farko na sauka sai ciyawa ta tsiro kore shar, ga ƙanshin nan da ba na turare ba..."

Ni ma sai da ƙanshin ya bugi hancina, na ji kewar gida ta taso mini.

"Ki jira ni mana," in ji shi, muryarsa ta sauka. "In na dawo ni zan kai ki Gumel a motar nan."

"Ta teku?"

"Tana da four-wheel drive, duk tayoyin huɗu ja suke."

"Ji maƙaryaci! Mijin da zai bar matarsa ya bi hayaƙi, wa zai jira shi? Na sake ka."

"Saki na nawa ke nan? Ko jiya kin sake ni a kan remote ɗin talabijin."

"Wannan ba kome. Buɗe mini bakin randar taka."

Ya haye bayan motar yana dariya ya kwance murfin tankin. Inna ta laluba cikin mayafinta ta zaro wata 'yar gora ta miƙa masa. Nan take na gane ta. Zamzam ne da ta zo da shi daga aikin Hajji, ta hana kowa kurɓa ko da ciwo, ta ce na yayyafa wa likkafaninta ne.

Shi ma ya gane. Dariyar ta ɗauke.

"Hajiya, no. Wannan naki ne."

"Juye, na ce! Wutar da nake tsoro sai na mutu zan gan ta, kuma ina da Mai gafara. Taka kuwa jibi take jiranka, ga ka ba gemu ba hankali."

Ya juye har ɗigon ƙarshe. Ni dai na kama labule na riƙe, kunya ta hana ni sauka, hawaye kuwa bai san kunya ba.

"Yanzu duk dajin Montana ya yi Hajji," in ji shi yana share ido da kafaɗa. "Kin ci, amarya. Sakin fa?"

Inna ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗaga kai tana kallonsa kamar mai haddace fuska.

"Na janye. Sauko in dafa kanka, tun hannuna yana kaiwa."