Aljanin Gidan Lung Prayat

A duk lungun da ke bayan kasuwar Nonthaburi babu masanin lafiya kamar Lung Prayat, wato Kawu Prayat a yaren garin. Wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a asibiti, ya shiga da farar riga, ya fito da farar riga. Mahassada kan ce aikinsa a can lissafin zannuwan gado ne a ɗakin ajiya, amma ai zanin gado ya fi likita kusanci da majinyaci. 'Yan acaɓan bakin lungu suna kiransa Babban Likita. Shi kan amsa da ɗaga yatsa ɗaya, su kuma sai ya sha kwana suke dariyarsu.

Abu ɗaya ya rasa tun da ya yi ritaya, wato majinyaci. Matarsa Pa Lamyai, wato Inna Lamyai, mai sayar da taliya da romo a ƙofar gida, lafiyarta ƙalau, kamar da gayya. Ana nan sai sa'a ta faɗo: muzurunsu Khanun ya kamu da ciwon suga.

Ga Pa Lamyai wannan ba sa'a ba ce. Ita ta tsinci Khanun yana ɗan mitsitsi a ƙarƙashin teburinta, kuma tun da 'yarsu ta yi aure ta tafi kudu, shi ne abokin hirarta, don shi kaɗai ne namiji a gidan da ke barin mutum ya kai aya. Da ta ga yana shan ruwa kamar raƙumi, fitsari ba iyaka, ga rama, sai ta cusa shi a kwando ta nufi wurin likitar dabbobi. Lung Prayat ya sa farar rigarsa ya biyo ta, wai don ya duba aikin yara.

Likita Wanwisa, sa'ar 'yarsu ce, ta yi bayani dalla-dalla. Allurar insulin safe da yamma. Ba shinkafa, ba kayan zaƙi, sai abincin gwangwani mai nama. Ta ce buƙatar allura ba a tsaye take ba, tana hawa tana sauka tare da abin da ya shiga ciki. In an tsare abinci, wataƙila ma a rage. Kada kowa ya ƙara ko ɗigo sai ya kira ta. In kuwa suka ga yana tangaɗi kamar ɗan giya, a shafa masa zuma ko wani abu mai zaƙi a dasashi, a kawo shi da gudu.

A hanyar gida Lung Prayat ya yaba mata. Ya ce yarinyar ta yi ƙoƙari, ta faɗi kusan duk abin da ya sani.

Daga ranar gidan ya zama asibiti. Ya ƙwace saman firji don ajiye insulin, ya kori miyar Pa Lamyai zuwa ƙasa. Ya hana ta taɓa sirinji, wai hannun da ya saba da ludayi ba ya gane ma'auni. Ya bi gida-gida yana gargaɗi cewa duk wanda ya jefa wa Khanun ko ƙashin kifi, zai amsa tambaya. Kowace safiya yakan soki kunnen muzurun ya ɗiga jini a na'ura, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata, sannan ya fita bakin lungu ya sanar da sakamako ga mutanen da ba su tambaya ba.

Amma babban likita ba ya dogara da ƙofa ɗaya. A kusurwar tsakar gida, jikin katanga, akwai ɗan ɗakin aljanun gida a kan guntun ginshiƙi, irin wanda kowane gida a garin ke da shi. Lung Prayat ya durƙusa a gabansa da turaren tsinke, ya yi alkawari cewa har Khanun ya warke, kullum akwai tire: shinkafa, dafaffiyar kaza, alawar kwaiduwa mai ninƙaya a ruwan sukari, da kwalbar jan lemo da tsinken zuƙa.

Sai ga abin mamaki. Tiren kowa a lungun yakan wuni ƙuda na bi, tururuwa na ɗiba. Nasa kuwa kafin rana ta take, an suɗe shi tas, har yana ƙyalli. Lemon kaɗai ake bari.

"Ku aljanunku ƙamshi suke shaƙa," in ji shi ga 'yan acaɓa, hannu a baya. "Nawa ci suke. Aljani ya san gidan ilimi. Lemon ma da suke bari, don sun ji ina wa'azi a kan sukari ne."

Noi, babbansu, ya haɗa tafuka a ƙirji ya ce, "Lung, don girmanka ka tambayar mana su lambar caca."

Abin da ya ƙi daidaituwa shi ne jinin Khanun. Kullum suga na sama, muzuru na ta ƙiba kamar buhun da ake ɗurawa. Pa Lamyai ta ce a kira likita. Ya ce giwa ba ta neman shawarar zomo. Ya ƙara layi ɗaya a sirinji. Suga bai sauka ba. Ya gane cewa aljanu ƙari suke nema, ya ƙara cinyar kaza da alawa. Suga ya ƙara hawa. Ya ƙara wani layin. Ya zargi mai soya ayaba, ya zargi tsohuwar da ke gida na gaba, ya zargi matarsa, har ya shinshina bakin muzurun a gaban masu cin taliya. Laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani.

To, in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa. Wata rana mai kantin gwal da ke tsallaken titi ya kafa sabon ɗakin aljanu mai rufin zinare. Lung Prayat ya tsaya ya dube shi, ya dubi nasa guntun, abinci ya fita ransa. Aljanun da ke cin kaza a zaunar da su a akurki? Ya sayo wanda ya fi na mai kantin tsawo, ginshiƙinsa na farin dutse mai santsi kamar madubi. Mai duba da aka ɗauko ya zaɓi tsakiyar fili, nesa da katanga, nesa da mangwaro, inda inuwar gida ba ta kaiwa. Aka yi addu'o'i, aka roƙi mazauna tsohon ɗaki su ƙaura, aka sa ranar walima jibi.

Kashegari aka kai tire sabon ɗaki da tsani. Rana ta take, ba a taɓa ba. Lung Prayat ya ce baƙunta ce. Khanun kuwa ya wuni a gindin ginshiƙi, yana kallon sama yana kuka, yana kai farce yana zamewa.

"Dubi," in ji Lung Prayat ga matarsa. "Dabba ma ta san masu jinyarta. Gaisuwa yake."

Ranar walima, da sassafe, ya ɗura wa muzurun allurarsa mai yawan nan, don ilimi ba ya hutu. Da hantsi lungu ya cika tsakar gida. An ɗora Khanun a kan matashin siliki a kan tebur. Babban Likita ya gyara farar riga, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, abin da ke gabanku ba mage ba ce, hujja ce. Likitocin yanzu takarda suke bi. Ni jini nake karantawa kamar yadda kuke karanta farashin mai. Yarinya ta ce layi kaza, ni na ninka, ga shi kuna gani da idonku."

Suka gani kuwa. Hujja ta miƙe, ta yi taku biyu kamar mai rawa, ta karkace, ta faɗo daga tebur. Ƙafafu suka sanƙare, ido ya kafe, jiki na karkarwa.

Lung Prayat ya ce kowa ya natsu, sannan ya ruga ɗaki neman tabarau, alhali suna kan hancinsa. Pa Lamyai ba ta nemi komai ba. Ta tsoma yatsa a ruwan sukarin alawar walima, ta buɗe bakin Khanun ta goga a dasashi, ta sake, ta sake, tana kiran sunansa a hankali. Da ya motsa kunne, ta naɗe shi a gyale ta haye bayan Noi. Babban Likita ya biyo su a wani babur, lasifika na hannunsa.

Khanun ya sha da ƙyar. Likita Wanwisa ta tambayi layi nawa ake yi masa. Da ta ji, sai ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce wannan allurar muzurun da ke cin tiren shinkafa kullum ce, kuma daga gani kwanan nan aka yanke masa. Lung Prayat ya rantse da shekarunsa na asibiti cewa ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakin nan ba.

Suka dawo suka tarar baƙi ba su watse ba, don abinci bai ƙare ba, kuma saura a kai tsohon ɗakin aljanu gindin babbar bishiyar bayan haikali, tunda ba a jefar da irinsa a bola. Samari suka kama, suka ɗaga, ɗakin ya karkata. Sai ga ƙasusuwan kaza suna zubowa kamar an zazzage kwandon mai tsire. Bayan 'yan gumakan da ke cikin ɗakin, ga wani lotsattsen gurbi, shimfiɗe da jan gashin muzuru, daidai faɗin Khanun.

Noi ya leƙa ciki, ya leƙa gyalen da ke hannun Pa Lamyai, sannan ya haɗa tafuka ya sunkuya wa muzurun har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ashe kai ne. To, maganar lambar nan fa?"

Yanzu sirinji na hannun mai ludayi, kuma ba ta motsa layi sai likita ta ce. An yi ta ragewa, har jiya-jiyan nan aka ce a dakata da allurar a gani. Miya ta koma saman firji. Lung Prayat yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya warkar da muzurun, da dabarar dogon ginshiƙi, kuma abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba. Kullum yana hawa tsani da tire, kullum tururuwa na yi masa godiya kamar na kowa.

'Yan acaɓa sun daina ce masa Babban Likita, amma girmansa bai ragu ba. A duk Nonthaburi shi kaɗai ne mutumin da ya yi wata da watanni yana durƙusa wa aljaninsa yana roƙon lafiya, in ya tashi kuma ya cafke shi a ƙeya ya soka masa allura.