Rago Mai Takarda

Shekaranjiya, jama'a, na yi layi biyu a rana ɗaya, na dawo gida da kalanda.

Layin farko na mai ne. Maƙwabcina Tologon ya yarda ya kai ni hedikwatar gunduma a tsohuwar motarsa, wadda ba ta tashi sai an tura ta an haɗa da addu'a. Awa uku muna gidan mai, muna kallon baƙaƙen motocin manya suna shiga ta ƙofar fita. Layi na biyu kuwa a ofishin da aka ce can ake ajiye allurar rigakafin dabbobi. Allura ɗaya tak na je nema, ta ragona, domin aganar tumaki ta shiga ƙauyenmu, kuma shi kaɗai ya rage mini da ƙafafunsa. Da layi ya zo kaina, akawun ya ce allura tana cikin kashi na biyu na shirin. Na ce to mene ne kashi na farko? Ya ce wayar da kai, ya miƙo mini kalanda. A jikinta ga hoton Mai Girma Babban Makiyayin Takarda rungume da ɗan rago, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada mu haɗa tumakinmu da na wasu ƙauyuka.

Tologon ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Sagin, ka rataya wa ragon a wuya. Wataƙila ciwon ya iya karatu."

Ban yi dariya ba, kuma bari ku ji dalili.

Shekara uku da suka wuce wata baiwar Allah ta zo mana daga jami'a, Dakta Perizat. 'Yar makiyaya ce, ta san ta inda ake kama tunkiya. Duk bazara takan hau doki ta bi mu jailo, wato makiyayarmu ta kan duwatsu, tana ɗibar jinin dabbobi tana tambayar da ko surukarka ba za ta yi maka ba: a wace kasuwa ka sayi wannan, a wane rafi suke sha, garken wa suka kwana da shi? In ɓera da sata, daddawa ma da wari: da fari ƙarya muka zuba mata, don a nan ba a faɗa wa baƙo yawan dabba. Ba ta yi musu ba. Ta je ta zauna a bakin gada ranar hawa jailo, ta ƙirga su da kanta, washegari ta gaishe ni da cewa Allah ya sa albarka, tumakina huɗu sun zama goma sha ɗaya a kwana ɗaya.

Da ta gama, littafin da ta rubuta ya kai kaurin bulo. Amma ta tara mu a makarantar ƙauye ta warware mana shi a magana biyu. Ta ce agana tana laɓe a kwarin da ke bayan dutse, kuma ta kasuwa take shigowa. Lokacin da ya fi hatsari shi ne makonnin ƙarshe kafin a hau jailo. Don haka a yi wa kowace dabba allura tukuna, kuma kafin a yi, kada garken ƙauyuka bakwai na kwarinmu su haɗu wuri ɗaya ko da na awa guda ne. Har matata Burul, wadda ba ta yarda da duk mai biro a aljihu, ta ce wannan yarinya ta san abin da take faɗa.

Manya ma sun yaba, Allah ya ƙara musu basira. Sun yaba har suka ce aiki irin wannan ba a ƙaddamar da shi a ɗakin taro, sai a cikin makiyaya. Aka zaɓi filin ƙauyenmu. Sai wani mai hangen nesa a ofis ya lura cewa Mai Girma ba zai tsaya gaban kyamara bayansa fayau ba kamar mai jiran mota. Aka aiko wa shugaban ƙauyenmu umarni, shi da takwarorinsa shida: a tattaro tumakin ƙauyuka bakwai a filin, wanda bai kawo nasa ba kada ya nemi wurin kiwo a jailo bana.

Perizat ta buga waya, ta rubuta wasiƙa, aka amsa mata da cewa tsara taro ba fanninta ba ne. Ranar taron ta shigo motar haya tun da sassafe, tana bi gida gida. A bakin ƙofa ta same ni, na kora tumaki goma, ragon yana hannuna da igiya.

"Baba Sagin, don girman Allah ka mayar da su."

"'Yata, in na mayar da su, a ina za su yi kiwo bana? A harabar jami'arku?"

Ta dubi ragon. Kowa a kwarin nan ya san shi. Baƙi ne, mai kitsen wutsiya, jikan jikan ragon mahaifina, kuma rabin 'yan tumakin unguwarmu 'ya'yansa ne. Ta ce, "To ko shi kaɗai ka bari. In yana nan, garke yana nan." Kafin in buɗe baki Burul ta zare igiyar daga hannuna, ta ja shi ɗakin wanka na bayan gida ta danna kwaɗo.

Taro ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tumaki dubbai a fili ɗaya, awa huɗu suna jiran Mai Girma, suna gogar juna suna sha a kwami ɗaya. Da ya iso ya tuna mana cewa rigakafi ya fi magani, muka tafa. Ya ɗaga littafin sama, yana cikin ledarsa ba a ko ɓare ba, muka sake tafawa. Wadda ta rubuta shi tana layin baya kusa da masu raba ruwa. An ba ta minti biyu, ta fara da cewa abin da ake yi a filin nan yanzu shi ne abin da shafi na farko ya hana, sai mai gabatarwa ya gode mata ya kira masu kiɗa.

Kwana goma sha biyu aka yi. Da safe Burul ta shigo ta ce in zo in ga tunkiyar nan mai farin goshi. Idanu sun kumbura, hanci na zuba, ƙuraje a hammata kamar an watsa wake. Kafin mako ya zagayo ba gidan da ba a haƙa rami ba. Nawa shida suka tafi, da 'ya'yansu duka, huɗun da suka rage kuwa ƙashi da fata. Na binne iyayena ban yi kuka a gaban mutane ba, amma ranar da na ga Burul tana ɗura wa ɗan tunkiya madara da cokali alhali ya riga ya mutu, na zauna a ƙasa na yi. An ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Mu mun ji bari sarai, wasu ne ba su ji ba, amma hohon a ƙofarmu aka sauke shi.

Perizat ta dawo da safar hannunta da kwalabenta, ta bi dabbobin ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce ai na faɗa muku ba, ko sau ɗaya. Da sakamako ya fito, ragona kaɗai ne a garin nan aka tabbatar lafiyarsa ƙalau, da takarda da hatimi. Ta ce in ci gaba da killace shi, in nemo masa allura ko ta halin ƙaƙa, da kaka ya hau tumakin da suka tsira, cikin shekara uku unguwa ta farfaɗo. Abin da ya kai ni layin kalanda ke nan.

To, muna dawowa na tarar da shugaban ƙauye a ƙofar gidana, tare da wani mai ƙyallin takalmi. Albishir suka kawo: gobe Mai Girma zai zo da kansa ya jajanta mana. Kun san al'adarmu, babban baƙo ba ya tashi ba a yanka masa tunkiya ba. Mai ƙyallin takalmi ya ce matsala ɗaya ce, ba za a saka lafiyar Mai Girma cikin hatsari ba. Don haka ofishinsu ya zauna ya yi nazarin aikin Dakta layi bayan layi, kuma sun gano dabba ɗaya da babu shakka a kanta. Ya ciro takarda, ga sunana.

Kun gani ko? Masu cewa ba a karanta bincike a ƙasar nan su ji kunya.

Na ce a nemo daga wata gunduma. Aka ce an rufe hanya saboda annoba. Na ce a yi masa shinkafa da kaza. Shugaban ƙauye ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Sagin, so kake a ce garinmu ya sallami baƙo da kaza? Kuma in ya ji daɗi, ai allurar nan za ta iya biyo bayansa." Burul ta kira Perizat a waya, ta roƙe ta ta ce an yi kuskure a takardar, ragon ma yana da ciwo. Ina jin muryar yarinyar nan daga inda nake tsaye. Ta ce, "Inna, in na yi ƙarya a wannan, gobe in na ce musu dabbobinku na mutuwa za su ce ƙarya ce." Burul ta kashe wayar, kuma har yau ban san wace ce mai gaskiya a cikinsu ba.

Jiya aka yi. Ni na jawo ragon gaban baƙo aka shafa addu'a kamar yadda aka saba, ya tsaya yana lasar hannuna don ya ɗauka gishiri na kawo masa. Wuƙar dai Tologon na bar wa. Mai Girma ya ci, ya yaba, ya ce nama irin wannan shaida ce cewa shirin yana aiki. Batun allura, ya ce an kafa kwamiti.

Da aka ajiye masa kan ragon a faranti, ya ɗauki wuƙa kamar ɗan gari na ƙwarai. A wurinmu yara ake yanka wa kunne, don su tashi masu jin magana. Ya yanko ɗaya, ya duba ɗakin, ya miƙo mini, ni mai shekara sittin da bakwai, ya ce makiyayanmu su riƙa sauraron shawarar masana. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na tauna.

Rago dai kunne biyu gare shi. Na zuba wa ɗayan ido a farantin, ina jira in ga ko Mai Girma zai taɓa. Ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi.