Yadda Za Ka Ɓatar da Waƙoƙin Mahaifinka Suna Hannunka

"Suna ciki, Inna," in ji Kaleb, yana nufin cikin ordinata, wato kwamfuta. Esta, mahaifiyarsa, ta ce in suna ciki ya buɗe, masu waƙa na jira. Bai buɗe ba. Waƙoƙi arba'in da ɗaya ne na mahaifinsa, marigayi Lazaru, wanda ya shekara talatin yana jan waƙa a majami'ar ƙauyensu, kusa da garin Sarkin Hausa. Kai ma bi matakan nan, za ka isa inda Kaleb ya isa. Ba a taɓa bi an kasa ba.

1. Raina kaye
Tsoho ya rubuta do-re-mi ɗinsa da alƙalamin bik a kaye, littafin rubutu na 'yan makaranta. Ka ce gara za ta cinye. Gaskiya ne, sai dai gara na ɗaukar shekaru, kai kuwa sauri kake.

2. Zaɓi logisiyel mai kulle
Wato shirin ordinata wanda shi kaɗai ke iya karanta abin da ya rubuta. Kwafe waƙoƙin duka a cikinsa. In ƙanwarka Léa ta ce ka adana su a irin fishe, wato fayil, da kowane logisiyel ke buɗewa, ka kuma buga a takarda, tuna mata wa ya kai ajin taminal, na ƙarshen sakandare, a gidan.

3. Sallami kayen
Mai ƙosai na neman takardar naɗi ranar kasuwa. Ba ta. Mutanen garin Kanan-Bakashe sun ci ƙosan Kaleb a cikin waƙar Ista.

4. Kwafa a kile uku
Kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinata. Ɗaya ka ba Inna ta naɗe a zane, ta sa ƙasan akwati.

5. Jira
Nan ba ka da aiki. Masu logisiyel za su rufe shago a ƙasarsu, ba za su yi maka sallama ba. Ordinatarka za ta mutu da bazara. Sabuwa za ta ga fishen ta ce ba ta san shi ba. Yanzu kana da abin da ba ya buɗuwa, har sau uku.

6. Zauna gaban tsohuwa da bik
Lahadi ake tunawa da Lazaru. Esta ta tuna waƙoƙi bakwai, muryar mata kawai, ta maza ba ta taɓa rerawa ba. Kaleb na rubutawa, ba ya ɗaga kai.

Gargaɗi: mai rubutun nan ba ruwansa da abin da zai same ka. Ba ruwansa kuma da abin da ya faru a waƙa ta takwas, inda Esta ta tsaya tsakiyar amshi, ta dubi ɗanta.

"Kaleb, kai ka kwafe ta. Nan wurin, babanka hawa yake ko sauka?"