Ana Ganinsa Daga Waje?

Wani mutum ne, shekara goma sha huɗu yana hawan babur guda, shi a gaba, matarsa a baya. Kullum sai ya bi ta gaban shagon tela da ke bakin layinsu, inda 'yan majalisa ke zama, kullum kuma sai sun ɗaga masa hannu sun ce, "A sauka lafiya, Mai ƙafa biyu." Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa a rai. Har ya rantse ba zai mutu ba sai ya ga mutanen nan sun miƙe tsaye dominsa.

Ran da aka sallame shi daga aiki aka biya shi haƙƙinsa, bai yi wata-wata ba ya sayar wa tela babur ɗin, ya ce mota zai saya. Ba kuma irin wadda kowa ke ja ba. 'Yar ƙarama yake so, mai kujera biyu, irin ta tsere.

Matar ta ce, "Baban yara, abu biyu kawai nake roƙo. A sa mata esi saboda zafi, sai kujera mai laushi. Ka san ciwon bayana."

Ya ce, "An gama."

Ya je wurin masu sayar da mota. Mai sayarwa ya zaunar da shi, ya buɗe masa littafi mai hotuna, ya ce, "Yallaɓai, ita motar haka take zuwa tsurarta. Waɗannan ƙari ne, kai za ka zaɓa. Mu fara da esi."

Gogan naka ya ce, "Ana ganinsa daga waje?"

"A'a, Yallaɓai, ji ake yi."

"To wuce. Abin da maƙwabci ba zai gani ba asara ne."

"Maɓallin sauke gilashi fa, maimakon na murzawa?"

"Ana ganinsa daga waje?"

"A'a."

"Wuce."

Mai sayarwa ba yaro ba ne, nan take ya gane wa ya samu. Ya lashi yatsa ya juya shafi. Fuka-fuki a baya? A sa. Jan layi daga goshi har wutsiya? A yi biyu. Salansa mai ƙara? Wannan ma ba gani kawai ba, har kurma sai ya waiwayo. A sa.

"Akwai kuma wanda ake sauke motar ƙasa-ƙasa, cikinta kamar zai taɓa kwalta. Amma Yallaɓai, yaya hanyar gidanku take?"

"Kai dai sauke ta. Iya ƙarshe."

"Baƙin gilashi irin na manya?"

"Wanda ya fi kowanne baƙi."

Da aka zo kan kujera sai ya tuna da matarsa. Mai sayarwa ya nuna masa mai laushi, ya nuna masa ta tsere, mai tauri, wadda ke matse mutum ta gefe da gefe. Amma ja ce wur, in aka buɗe ƙofa ana hango ta daga tsallaken titi. Wallahi ko daƙiƙa biyu ciwon bayan baiwar Allah bai yi a ransa ba.

Ran ɗauko mota ya tafi da matar, da rana tsaka, don ya san lokacin majalisa a cike take. Mutumin kuwa Allah ya hore masa tumbi. Sai da ma'aikata biyu suka danna shi kafin kujerar ta karɓe shi. Matar ta shiga ta zauna, ta laluba nan, ta laluba can.

"Baban yara, ina esin?"

"Ki yi haƙuri, za ki ga abin da ya fi esi."

Suka iso bakin layi, salansa na tsawa. 'Yan majalisa suka miƙe, har da tela da almakashi a hannu. Mutumin ya ji kamar ya yi kuka don daɗi. Ya rage gudu yana ɗaga musu hannu. Ba wanda ya ɗaga masa. Sai ya jiyo wani yana cewa, "Wannan ɗan wani babban mutum ne ya ɓata hanya."

Ashe baƙin gilashin ya yi aikinsa. Ya kai hannu zai murza ya sauke, cinyarsa ta danne abin murzawar, kujera kuma ta hana shi motsi.

Ya ce wa matar, "Sauke naki."

Ta ce, "In sauke su gan ni haka?" Gumi ya riga ya jiƙa ta sharkaf, kwalli ya gangaro har haɓa.

Ya wuce, ya juyo, ya sake wucewa. Sau uku. A na ukun rabin majalisa sun koma sun zauna, wani ma tsaki ya yi ya ce yaran masu kuɗi ba su da tarbiyya. Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai. Ya ce to bari ya shiga layin ya tsaya a ƙofar gidansa, ai dole su gane.

To a bakin layin akwai tudun nan da ake yi don rage gudun motoci. Wa ya sa aka yi shi? Shi da kansa, bara, da samari suka dame shi da gudu. Shi ya tsaya a kan magina yana cewa a ƙara siminti, bai kai ba, a ƙara.

Mota ta hau, aka ji ƙuuu, ta zauna daram a kan cikinta. Tayoyin gaba na lilo, na baya na lilo. Ya taka mai, salansa ya yi ihu, ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

'Yan majalisa suka rugo. Tela ya rusuna ya ƙwanƙwasa gilashi da ladabi. "Ranka ya daɗe, sannu. Laifin wani maƙwabcinmu ne marar aikin yi, shi ya sa aka gina wannan abin."

Ƙofa ta buɗe, matar ta fito dafe da baya. Aka leƙa ciki.

Tela ya ce, "Au. Mai ƙafa biyu, kai ne?"

Mutum huɗu suka kama hannuwansa suka zaro shi kamar ana cire toshiyar kwalba, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki. Aka tura motar gaba, aka ja ta baya, ta ƙi. Aka ce sai dai a kira motar da ke ɗaga motoci. Matar kuwa ta ce ita ko taku goma ba za ta iya ba, ga gidan can ƙarshen layi.

Tela ya gangaro da tsohon babur ya miƙa masa makulli. "Ara ka kai ta gida."

Ya hau, ƙafa ɗaya ba takalmi. Matar ta hau baya, ta gyara zama, iska ta buge ta, ta yi ajiyar zuciya. Majalisa gaba ɗaya na tsaye suna kallonsu. Ta ɗan taɓa kafaɗarsa.

"Baban yara, ai da wannan ka zaɓa. Ga sanyi, ga laushi, kuma komai nasa ana gani daga waje, har da kai."